Zan bar shirin tsalle-tsalle in koma na ɗaga nauyi, ta ina zan fara?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ina bin wani shirin motsa jiki na bidiyo a gida, irin wanda ba ya buƙatar kayan aiki: tsalle, gudu a tsaye, tsugunna-tashi, kusan kullum. Saura kaɗan in kammala shi. Alhamdu lillahi na ga amfaninsa, hakin da nake yi in na hau bene ya tafi, wando ma ya saki. Amma abu biyu ke damuna. Sikeli ya tsaya cak tun 'yan makonnin nan. Sannan hannuwana da kafaɗuna suna nan yadda suke, ga gwiwar dama ta fara yi mini ciwo in na dira daga tsalle. Yanzu na samu ƙarafan hannu guda biyu da robar ja, ina so in koma shirin ɗaga nauyi na wata uku. In yanke wannan in shiga wancan, ko in daure in ƙarasa? Kuma in na koma, numfashin nan da na sha wuya na gina zubewa zai yi?

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam Yaya. Ka canza kawai, yau ma ba gobe ba. Jikinka ne ya saba, shi ya sa sikeli ya tsaya. Ni duk mako biyu nake sauya shiri don in rikita tsoka, kada ta san abin da ke zuwa. Duk lokacin da na sauya sai jikina ya yi tsami na kwanaki, ka san aiki ya shiga ke nan.

Malam Koci:
Ɗan Auta, ƙanena, tsaya mu duba maganar nan da kyau, don ta cinye wa mutane shekaru a banza. Tsamin da kake ji alamar baƙon motsi ne. Duk motsin da tsoka ba ta saba da shi ba zai sa ta tsami, musamman wanda take miƙewa alhali tana riƙe da nauyi, kamar sauke ƙarfe a hankali ko saukowa daga bene. Yakan taso washegari, ya yi tsanani tsakanin awa 24 da 72, sannan ya lafa. In ka sake yin motsin nan bayan mako guda tsamin zai ragu ƙwarai, alhali aikin da tsokar ta yi bai ragu ba ko kaɗan. Wanda yake sauya shiri duk mako biyu kullum yana cikin tsamin farko ne, bai taɓa zama a kan motsi ɗaya har ya ƙara masa nauyi ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Ƙarfin da mutum yake samu a makonnin farko, yawancinsa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne suke koyon yadda za su tayar da tsokar su haɗa ta aiki. Girman tsokar kanta sai daga baya yake bayyana, bayan wata guda ko biyu ana abu ɗaya. To kai kana tashi daga wurin daidai lokacin da ribar za ta fara shigowa.

Abin da ke gina ƙarfi ba ɓoyayye ba ne. Tun 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya rubuta shi a lokacin da yake jinyar sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu: a ba tsoka nauyin da za ta iya ɗagawa kamar sau goma, in ya yi mata sauƙi a ƙara. Zagaye uku na sau goma-goma ɗin nan da ake gani a ko'ina, daga aikinsa da abokin aikinsa Arthur Watkins ya fito a 1948.

Ɗan Auta:
Amma Malam ai ba ni na ƙirƙiro maganar ba. Shirin motsa jiki na bidiyon nan, P90X, da ita ya yi suna, kuma mutane da yawa jikinsu ya canza da shi.

Malam Koci:
Haka ne, shirin Tony Horton shi ya yaɗa maganar rikita tsoka tun tsakiyar shekarun 2000, kuma mutane sun amfana da shi. Amma buɗe jadawalinsa ka gani. Kwana 90 ne, an raba shi mataki uku. A matakin farko mako uku kake maimaita atisaye iri ɗaya a ranaku iri ɗaya, sannan mako guda na sassautawa. Har takarda ake ba ka ka rubuta nauyin da ka ɗaga da sau nawa ka ɗaga, don mako mai zuwa ka wuce shi. Maimaici da ƙari ne suka yi aikin, su ne kuma abin da kai ka bari.

Abban Sadiq, amsata gare ka: tunda saura kaɗan, ka ƙarasa. Mutumin da ya saba barin shiri a tsakiya, na gaba ma a tsakiya zai bar shi.

Ummu Aiman:
Malam Koci, na yarda da duk abin da ka faɗa wa Ɗan Auta, amma wannan ta ƙarshe ban yarda ba. Ka tsallake maganar gwiwa. A sashen gashin ƙashi nake aiki, kuma yawancin waɗanda ke zuwa da ciwon gwiwa na motsa jiki sun ji alamar farko sun daure ne saboda "saura kaɗan". Tsoka tana saurin sabawa da aiki. Jijiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi ba haka take ba, jinin da ke isa gare ta kaɗan ne, don haka ta fi jinkirin ƙarfafa, ta fi jinkirin warkewa. Wanda ya yi makonni yana tsalle kusan kullum, huhunsa da zuciyarsa sun riga gwiwarsa yin gaba.

Abban Sadiq, ina ne daidai wurin ciwon? Ƙasan ƙoƙon gwiwa, ko kewaye da shi, ko can ciki? Ta kumbura? Tana ƙullewa ko ta saki ka ji kamar za ka faɗi?

Abban Sadiq:
Anti, ƙasan ƙoƙon ne daidai, wuri ɗaya da zan iya nunawa da yatsa. Ba kumburi, ba ta ƙullewa. In na ɗumama jiki yakan lafa, sai da safe in ji shi, ko in na daɗe a zaune na miƙe.

Ummu Aiman:
Ba zan yanke maka hukunci ta waya ba, sai an duba an taɓa. Amma yadda ka kwatanta ya yi kama da gajiyar jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, wadda aka fi gani a wurin masu wasannin tsalle. Lafawar da yake yi in ka ɗumama ita ce ke yaudarar mutane su ci gaba. Abin da ya dace shi ne ka cire tsallen tun yau. Ba cewa nake ka kwanta ba, kwanciya ba ta ƙarfafa jijiya. Motsi mai nauyi da ake yi a hankali shi ne ma abin da ake ba masu irin wannan ciwon. Ka ga ke nan shirin da kake son komawa ya fi dacewa da gwiwarka a yanzu. In ciwon ya ƙi raguwa bayan mako biyu zuwa uku da barin tsalle, ko kumburi ya zo, ko ka kasa taka ƙafar, ka je a duba ka.

Malam Koci:
Hajiya, to mu haɗu a tsakiya. Ya ƙarasa kwanakin da suka rage a jadawalinsa, amma duk inda bidiyo ya ce tsalle, shi ya yi motsin ƙafa ɗaya tana ƙasa. Abin da nake karewa shi ne al'adar tashi a yi, ba tsallen ba.

Ummu Aiman:
In zai iya riƙe kansa, ba laifi. Matsalar ita ce in kiɗa ya ɗauka kuma na cikin bidiyo suna tsalle, mutum kan manta alkawarin da ya yi wa kansa. Ni dai da a bar ni, ya mayar da sauran kwanakin makon hutu da koyon sababbin motsin da ƙaramin nauyi.

Injiniya:
Ni tambayata ita ce me ya sa dole sai an zaɓi ɗaya? Ya yi na numfashi da asuba, na ƙarfe da yamma. Ba abin da ya rasa. Na san masu yin haka.

Malam Koci:
Injiniya, masu yin haka su wane ne, kuma barcin awa nawa suke samu? A 1980 wani mai bincike, Robert Hickson, ya gwada wannan. Ya raba mutane kashi uku na tsawon mako goma: masu ɗaga nauyi kaɗai, masu gudu da keke kaɗai, da masu haɗa duka biyun da tsanani. Masu haɗawa sun tafi daidai da masu ɗaga nauyi a farko, amma zuwa makonnin ƙarshe ƙarfinsu ya tsaya har ya fara sauka. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa in an haɗa da lissafi, illar kaɗan ce ga mutum irina da kai. Amma cikakken shiri biyu a rana ɗaya ba lissafi ba ne. Kowanne an tsara shi ne a kan cewa shi kaɗai kake yi, an auna hutunsa a kan haka. In ka ɗora su, hutun kowanne ka cinye. Kuma kada mu manta mutumin nan gwiwarsa tana ciwo.

Abban Sadiq:
To Malam, ga ainihin tsorona. In na bar na numfashin gaba ɗaya na wata uku, ba zan koma gidan jiya ba?

Malam Koci:
In ka bari gaba ɗaya, eh, zai sauka. Ƙarfin numfashi ya fi ƙarfin tsoka saurin zubewa, cikin mako biyu da dainawa ake fara ganin raguwa. Amma riƙe abin da ka gina ya fi gina shi sauƙi nesa ba kusa ba. Shi Hickson ɗin ma ya yi gwaji a kan haka: mutanen da suka rage ranakun atisaye daga shida zuwa biyu a mako sun riƙe ƙarfin numfashinsu na tsawon makonni, muddin ba su rage zafin aikin ba. Waɗanda suka rage zafin su ne suka yi asara. Don haka kwana biyu a mako sun ishe ka, amma su kasance na gaske, waɗanda in kana ciki ba za ka iya faɗin jimla cikakkiya ba sai ka ja numfashi. Tunda ba tsalle, ga naushin iska, ga tafiya mai sauri ƙwarai, ga keke in kana da shi.

Ka duba ma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020. Ta ce babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai zafi, sannan aƙalla kwana biyu na ƙarfafa manyan tsokokin jiki. Duka biyun ta ce, ba ɗaya ba. Shirin da kake barin ya cika maka rabin farko ne har ya yi yawa, rabin na biyu kuma bai cika ba. Kada sabon ya juya maka abin.

Baba Alhaji:
Sannunku da ƙoƙari 'ya'yana. Ina karantawa tun ɗazu. Ni na girme ku duka, kuma kafin a yi bidiyo da manhaja akwai wani shiri da ake kira 5BX, na rundunar sojan sama ta Kanada. Wani mai suna Bill Orban ya tsara shi a ƙarshen shekarun 1950 saboda matuƙan jirgi da ke wuraren da ba ɗakin atisaye. Motsi biyar ne, minti 11 a rana, ba kayan aiki. Na mata kuma XBX, motsi goma, minti 12. Abin da nake so ku lura da shi, jadawali shida ne a cikin 5BX ɗin, kowanne da matakai, kuma komai ƙarfinka an ce ka fara daga na ƙasa ka hau. Har an rubuta mafi ƙarancin kwanakin da za ka yi a kowane mataki gwargwadon shekarunka kafin ka wuce.

Wasu motsinsa yanzu an daina ba da shawararsu, musamman na ciki da ake yi ƙafa a miƙe. Amma ƙa'idar farawa daga ƙasa ba ta tsufa ba. Abban Sadiq, haɗarinka shi ne kana ganin kanka a matsayin mai ƙarfi, kuma a numfashi kai mai ƙarfin ne. A ɗaga ƙarfe kuwa sabon shiga ne kai. Sannu ba ta hana zuwa.

Anti Nas:
Baba ya taɓo inda nake son yin magana, Allah ya ƙara lafiya. Wanda ya fi shiga haɗari ranar farko ta sabon shiri shi ne mai numfashi da juriya, don shi zai iya matsa wa tsokar da ba ta saba ba har ya wuce iyakarta. Raggo gajiya za ta tsayar da shi tun da wuri. Akwai ciwon da ke faruwa in tsoka ta rugurguje da yawa a lokaci ɗaya, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini ya je ya cutar da ƙoda. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana faruwa, kuma sau da yawa bayan maimaita baƙon motsi ne sau ɗaruruwa, ga zafi, ga ƙarancin ruwa.

Ku riƙe alamominsa: ciwon tsoka da ya wuce na tsami, kumburin da ya sa ba ka iya miƙe hannu ko lanƙwasa shi, rauni, sannan fitsari ya koma ja-ja ko baƙi-baƙi ko ya ragu sosai. Wanda ya ga haka asibiti zai nufa a ranar, ba zaure zai zo tambaya ba. Haka ma ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da ƙima. Mai hawan jini kuma ya tuntuɓi likitansa kafin ya fara ɗaga nauyi, kuma kowa ya daina riƙe numfashi in yana ɗagawa, yana sa jini ya hau nan take. Ka fitar da iska lokacin da kake turawa.

Ɗan Auta:
Na ji duka, kuma na gode. Amma ku ma ku ji tawa. In na yi abu ɗaya wata biyu gundura nake yi, in na gundura kuma dainawa nake gaba ɗaya. Wanne ya fi, mai sauyawa yana yi, ko mai shiri ɗaya da ya ajiye?

Malam Koci:
Mai yi ya fi, ba tantama. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ta fi ta rikita tsoka nesa. In lafiya kawai kake nema, zuciya ta buga, gumi ya fita, to sauya bidiyo kullum ma ba laifi, mintunanka suna shiga lissafi. Inda ka ce kana son ƙarfi da girman tsoka ne na tsaya maka.

Ga yadda za ka samu biyun. Ka ware motsi huɗu ko biyar da ba sa canzawa: ɗaya na turawa kamar tura-ƙasa, ɗaya na jawowa, ɗaya na tsugunno, ɗaya na sunkuyawa daga ƙugu ka ɗago nauyi, ɗaya na riƙe ciki. Waɗannan ka fara da su, ka rubuta su a littafi, minti ashirin sun isa. Abin da ya biyo baya naka ne, ka kunna duk bidiyon da ranka ya so. Kuma ka gwada ganin lamba tana hawa a littafinka mako bayan mako, ita ma tana kashe gundura.

Ummu Aiman:
In ƙara a kan wannan. An yi wani bincike a Landan da aka wallafa a 2009, Phillippa Lally da abokan aikinta, a kan tsawon lokacin da sabon hali yake ɗauka kafin ya zama jiki. Matsakaicin ya kama kwana 66, amma tsakanin mutane ya bambanta daga 18 har zuwa 254. Sun kuma ga cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe abin. Dalilin kawo shi, Abban Sadiq, abu mafi daraja da tsohon shirinka ya ba ka shi ne lokacin nan da jikinka ya riga ya san na motsa jiki ne. Ka canza abin da kake yi a ciki, amma kada ka taɓa lokacin da wurin. Mutane da yawa a tsakanin shiri biyu suke ɓacewa: sun gama wancan, sun ce za su huta mako guda kafin su fara wannan, shi ke nan.

Maman Hanan:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, kusan iri ɗaya ce amma a juye. Ni na ƙarfe nake yi da roba tun bayan haihuwa, a hankali. Yanzu ina son komawa na tsalle don tumbin ya ƙi tafiya. Amma da na gwada tsallen igiya sai na ji fitsari yana ɗan zubo mini. Na ji kunyar tambaya, amma na san ba ni kaɗai ba ce.

Ummu Aiman:
'Yar'uwa, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya, mata da yawa suna karantawa suna shiru. Abin ya zama ruwan dare bayan haihuwa, amma yawansa ba ya nufin a zauna da shi. Tsokokin ƙasan mara da ke riƙe mafitsara ne ba su gama dawowa ba, kuma tsalle yana dukan su kai tsaye. Ki dakata da tsallen tukuna. Atisayen matse tsokokin nan, kamar kina riƙe fitsari da iska, ki riƙe 'yan daƙiƙu ki saki gaba ɗaya, sau da yawa a rana, shi ne maganin farko, kuma ana ba shi aƙalla wata uku kafin a ce bai yi ba. Ba a lokacin fitsari ake yin sa ba. In kina jin nauyi ko kamar wani abu yana saukowa, ki je a duba ki.

Ki duba cikinki ma. Ki kwanta rigingine, ki ɗan ɗaga kai, ki taɓa sama da cibiya da ƙasanta. In yatsu biyu ko fiye suna nutsewa a tsakiya, ko tsakiyar tana tasowa kamar tudu, tsokokin ciki ne suka rabu lokacin goyon ciki ba su gama haɗuwa ba. Wani tumbin na wannan ne, ba kitse ba, kuma tsalle ba ya gyara shi.

Maman Hanan:
Na gode Anti. To in kitse ne fa, wane motsi ne ke cire na ciki?

Malam Koci:
Babu shi, Maman Hanan, duk wanda ya ce miki akwai talla yake yi. Motsin ciki yana ƙarfafa tsokar da ke ƙarƙashin kitsen ne. Kitse daga jiki duka yake raguwa in abin da ake ci bai kai abin da ake ƙonewa ba, kuma jiki ne ke zaɓar inda zai fara ɗauka. Ki ci gaba da shirinki na roba, ki ƙara tafiya mai sauri. Ba ki da dalilin canzawa yanzu.

Wannan ya dawo da ni kan sikelin Abban Sadiq da ba wanda ya amsa. Tsayawarsa ba don tsoka ta saba da shiri ba ne. Jikin da ya ragu yana ƙona abin da bai kai na da ba, kuma mai atisaye mai zafi yakan ƙara ci ya rage zirga-zirga sauran yini ba tare da ya lura ba. Ka shirya ma ganin sikelin ya ɗan hau a makonnin farko na ƙarfe. Ruwa ne: tsokar da ke gyara kanta tana riƙe ruwa, kuma kowane giram na sukarin da take ajiyewa yana tafe da ruwa kamar giram uku. Mutane da yawa a nan suke firgita su gudu su koma tsohon shiri. Ka samu tef ɗin awo ka riƙa auna ƙugunka sau ɗaya a mako, da safe, a wuri ɗaya. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Birtaniya ta ba da ma'auni mai sauƙi a 2022: ƙugu kada ya kai rabin tsayin mutum.

Injiniya:
Malam, ni har yanzu ina ganin kwana uku na ƙarfe sun yi kaɗan ga wanda ya saba da shida. Zai ji kamar bai yi komai ba.

Malam Koci:
Zai ji hakan, gaskiya ne, kuma gara a gaya masa tun yanzu. Wanda ya fito daga shirin tsalle ya saba auna aiki da gumi da haki. A ɗaga nauyi za a ce masa ya zauna minti ɗaya zuwa biyu tsakanin zagaye, sai ya ga kamar ɓata lokaci ne, ya yanke hutun, ya mayar da abin wani shirin numfashin da ƙarfe a hannu. Hutun nan shi ke ba shi damar ɗaga nauyin kirki a zagaye na gaba. Tsokar da aka yi wa aiki sosai kuma tana son kamar awa 48 kafin a koma mata. Uku na ƙarfe, biyu na numfashi, kwana biyar ke nan, Injiniya. Ba kaɗan ba ne.

Abban Sadiq:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na tsayar. Tsalle na ajiye shi daga yau, na bi maganar Anti Ummu Aiman. Sauran kwanakin zan yi su a lokacin da na saba, ina koyon motsin da ƙaramin nauyi. Daga nan in shiga sabon shirin kwana uku, da kwana biyu na naushin iska da tafiya mai sauri, ga littafi ga tef. Saura tambaya ɗaya, Malam. Ƙarafan nawa ba a ƙara musu nauyi, yadda suke haka suke. In sun yi mini sauƙi, ƙarin da kake ta faɗa daga ina zai fito?

Malam Koci:
Hanyoyin suna da yawa kafin ka buƙaci sabon ƙarfe. Ka fara da nauyin da za ka ɗaga sau takwas, ka bi shi har sau goma sha biyar ko ashirin. An gwada an gani, ƙaramin nauyi ma yana gina tsoka muddin ka kai kusa da inda ba za ka iya ƙara ko ɗaya ba, ka tsaya saura ɗaya ko biyu. In ashirin ta yi sauƙi, ka rage gudu, ka ƙirga uku kana saukewa, ka ɗan tsaya a ƙasa. Bayan nan ka koma gefe ɗaya: tsugunno da ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya, jawowa da hannu ɗaya. Nauyin bai canza ba amma abin da ƙafar gaba ke ɗauka ya ƙaru. Tura-ƙasa kuma ka ɗora ƙafafu kan kujera, ko ka ratsa robar ta bayanka ka danne bakinta da tafukanka. Abu ɗaya kake canzawa a lokaci guda, don ka san wanne ne ya yi aiki. A makon farko dai zagaye biyu sun isa, komai jin ƙarfinka.

Ummu Aiman:
Na ƙafa ɗayan nan ka jinkirta shi sai gwiwar ta lafa. Ka fara da tsugunno zuwa kan kujera, da jingina da bango gwiwa a lanƙwashe kaɗan kana riƙewa. Ɗan ciwo mara tsanani lokacin motsin ba laifi, ma'aunin shi ne washegari da safe: in ya fi na jiya, ka yi yawa, ka rage.

Robar kuma ka riƙa duba ta kafin kowane amfani, in ka ga tsaga ko ta fara fari-fari ka jefar, don in ta tsinke fuska take nufa kuma tana raunata ido. In a ƙofa za ka maƙala ta, ka tsaya ta ɓangaren da janka zai ƙara rufe ƙofar, ka sa mukulli, ka kuma tabbata yara sun san kana ciki.